Kalma Ɗari Biyar

Sun ce in gaya musu, cikin kalma ɗari biyar,
abin da ya sa nake son nazarin fim.
Ƙarfe uku na dare a Hull.
Gidan tsofaffi ya yi tsit, sai firij ke gunaguni.
Ni ce, da shayin da ya huce,
da fom ɗin da bai san sabo ba.

Digiri, suka ce, mai daraja ta biyu.
Ina da shi, amma kan ƙasar noma:
shekara huɗu ina murza laka a Samaru
don in san wadda dawa ke so.
Takardar sakamakon tana kabad ɗin wani ofis.
Mai makullin ya tafi ta'aziyya Gumel,
yau wata biyu, bai gama gaisuwa ba.

Turanci kuma shida da rabi suke nema.
Na ci shida.
Rabin maki ya lashe mini albashin mako guda,
ni da nake lallashin Doreen ta haɗiye magani,
nake gane zancenta ko haƙoranta na cikin kofi.

Shaidu biyu, malaman da suka san ni.
Dakta Gwadabe ya sa hannu, Allah ya biya shi.
Farfesa Isyaku kuwa bara muka yi masa sadakar bakwai,
amma imel ɗinsa bai ji labari ba,
har yau yana amsawa:
ba na ofis, sai Litinin.

To, me ya sa fim?

Ta yaya zan cusa Baba Ɗan'azumi cikin akwatin nan?
Silimar Funtuwa da ba ta da rufi,
shi a ɗakin sama, singileti jiƙe da gumi,
ni kan gwangwanin faifai, ƙafata ba ta kai ƙasa.
Ƙwaro ya ratsa hasken,
inuwarsa ta zama shaho a goshin jaruma.
In zare ya tsinke, fili ya ɗau fito da zagi,
Baba ya ciro reza, ya yanke, ya liƙa,
kafin a tofar da ɓawon gyaɗa soyayya ta ci gaba.
Guntun da ya yanke nawa ne.
Nakan ɗaga shi gaban fitilar ƙwai:
mace uku, duk ita ce, tana shirin juyowa,
ba ta taɓa juyowa ba.
Nan na gane akwai duhu tsakanin hoto da hoto,
ido ne telan da ke ɗinkewa.
Yanzu taki ake sayarwa a wurin.

Ƙararrawar ɗaki na tara.
Doreen ba ta yi barci ba.
Shekara goma sha tara ta yi da tocila a hannu
tana nuna wa ma'aikatan jirgin ruwa kujerunsu.
Na karanta mata abin da na rubuta.
Ta ce, cire manyan kalmomin nan, ba naki ba ne,
bar musu ƙwaron.
Ta ce, sa sunana cikin shaidu.
Na duba fom sama da ƙasa,
babu gurbin mai tocila.

Kalma ɗari shida da goma sha biyu.
Na wasa rezata.
Na yanke gumin, na yanke gyaɗar, na yanke takin,
na liƙa bakin zancen yadda ba za a ga tabo ba.
Abin da ya faɗi na tara a wani shafi,
nawa ne, kamar dā.

Bakwai saura kwata na sauya wa Doreen zanen gado.
Tsuntsayen teku na faɗa kan kwandon shara.
Ranar Asabar zan koma neman rabin makin
a wani ɗaki mai agogo babba, a Leeds.
Bas ta tsaya, na zauna bakin taga.
Gari na wucewa gida-gida,
da ɗan duhu a tsakani.